Wasiƙar da Ba Ta Roƙi Komai Ba

Kwanan baya a kasuwar Wuse na ji ƙarar tafireta daga wata rumfa, na tsaya cak har mai bayana ya ture ni. Irin ƙarar ce ke tashi daga zauren kakana a Nyanya, shekarun da ake ta kwaso ma'aikata daga Legas ana zubewa a Abuja.

Kakana tsohon akawu ne, ya yi ritaya da tafiretarsa da Turancinsa. Kullum bayan azahar yakan zaunar da ni a kan buzu ya koya mini yadda ake gina jimlar Turanci. Ya ce doguwar jimla kamar mace ce da goyo. Akwai uwar jimla, mai tafiya da ƙafarta, ta faɗi magana ta kammala. Akwai 'yar goyo, wadda ke farawa da kalmomi irin su because da although da when, ita kuwa in ka sauke ta ƙasa ita kaɗai, ba inda za ta je. Kowacce da mai aikatawa da aikatau, amma ɗaya ce kawai ke tsayuwa. Na haddace wannan tsaf, don ni kaɗai ne jikan da ke zama ya saurara.

Sai aka yi wa mijin gwaggona canjin aiki daga Legas, suka sauka gidanmu kafin a ba su gida a kwatas ɗin ma'aikata. Da su akwai 'yarsu, sa'ata. Turanci a bakinta kamar ruwan famfo, ba ta tsayawa neman kalma. Ni kuwa sai na jera jimla a raina kafin in furta. Kaka ya ji ta sau ɗaya ya fara kiranta amaryarsa ta Legas. Cikin mako guda ya ɗora yatsunta a kan tafiretar da ni ban taɓa wuce goge mata ƙura ba. Kai mai karatu, in ba a taɓa matsar da kai daga wurin zamanka ba, ba za ka san abin da na ji ba. Ko tuwo aka zuba mana kwano ɗaya, sai in ga gefenta ya fi nama.

Da farkon damina wani dattijo Bagwari, abokin kaka, ya zo da hularsa a hannu. An kafa turaku a gonarsa, titi zai bi ta ciki, kuma a ƙarshen gonar kabarin mahaifinsa yake. Ba gonar yake jayayya a kai ba, so yake a rubuta wa hukuma wasiƙa a kauce wa kabarin. Idon kaka ya riga ya fara rauni, sai ya faɗi maganar da Hausa, ya ce amaryarsa ta juya zuwa Turanci ta buga. Tana cikin bugawa aka kira la'asar. Ya miƙe yana laluben takalmi, ya ce da ni in duba mata kafin a naɗe.

Na duba. Turanci ne mai kyau, ya fara da because, ya kawo mahaifin dattijon da shekarun da suka yi suna noma wurin, ya kawo kabarin, sai aya. Goyo ne tun daga sama har ƙasa, babu uwa. Wasiƙar ba ta roƙi komai ba. Na gani sarai, har zuciyata ta yi wani sanyi mai daɗi. Na ce mata ta yi daidai, na naɗe da hannuna. Abin da nake so kawai a dawo da takardar a ce amaryar Legas ta yi kuskure. Dattijon bai ko faɗo mini a rai ba.

Kwana uku ya yi yana zarya cikin gari kafin ya samu wanda zai karɓa. Ya dawo a jiƙe da ruwan sama, ya zauna a bakin zaure ya ce ma'aikacin ya karanta ya tambaye shi, to me kake so? Shi kuma Turancin bai iya ba, aka ce ya je ya sake rubutowa.

Kaka ya sa na karanta masa da ƙarfi. Na karanta har aya. 'Yar gwaggona ta fara hawaye, bai ko dube ta ba, ni ya juyo wa.

"Ita ba a koya mata ba. Kai ka gani?"

Na ce na gani.

"To, kabarin uban mutum ka yi wasa da shi."

Bai dake ni ba. Ya sa ni na faɗi uwar jimlar, ita ta buga. Da dattijon zai tafi ya dafa kaina ya ce da kaka, da irin Hausarsa, "Wannan yaro tana da ilimi." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Wasiƙa ta biyu ta shiga, amma kafin a kai ga amsa motocin aiki sun riga sun iso. Dattijon da 'ya'yansa suka kwashe abin da ya rage na mahaifinsa suka kai sabon mazauninsu. Har yau ban sani ba ko kwanakin nan da aka ɓata ne suka jawo, ko dama haka za a yi. Kaka ya rasu bai taɓa cewa eh ko a'a ba.

Yanzu wurin ya cika da benaye, ba mai cewa an taɓa shuka doya a nan. 'Yar gwaggona ta zama kaka ita ma, kuma har gobe in zancen ya taso cewa take laifinta ne. Sau biyu ina gyara mata. Dariya take yi ta ce ai yara muke. Ni dai ina bin titin nan zuwa aiki kowace safiya, kuma in muka zo daidai inda kabarin yake a dā nakan rage sautin rediyo.