Geron Malam Haruna da ruwan da ya sauka a kan kwalta

Shekara tara ke nan da muka raka mahaifina, Malam Haruna, makwancinsa. A farkon damina ya rasu, gero ya isa noman farko, hauyarsa na jingine a zaure. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in yi shiru, don ba mutum ba ne da jarida ta san da zamansa. Bana na kasa yin shirun. Na tafka abin da in da yana raye ban san inda zan sa fuskata ba, kuma na yi iya ƙoƙarina in sami wanda zan ɗora wa laifin, ban samu ba.

Baba ya shigo Katsina daga ƙauye yana saurayi. Ya yi leburanci, ya yi dako, ya kama ɗaki a Ƙofar Marusa, har Allah ya hore masa ya gina gida ya kuma sayi gona a bayan gari. Ya sa mu boko gaba ɗaya, amma har ya koma ga Allah bai yarda albashi abinci ba ne. Ranar da na kai masa takardar ɗaukata aikin gwamnati, ya juya ta gaba da baya, ya yi mini addu'a, sannan ya ce Asabar in fito da wuri, akwai watsa taki.

Yana da wani irin gero da duk maƙwabtan gona suka sani da sunan geron Malam. Zangarniyarsa doguwa ce, mai gashi, tsuntsu ba ya son sauka a kanta, furarsa kuma in ka sha sau ɗaya ba za ka ƙara yaba ta kasuwa ba. Duk kaka, kafin a fara yanka, shi kaɗai yake bin gonar yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika. Mahaifiyarmu, Inna, ita ke sussuke ta daban, ta gauraya da toka, ta zuba a tulu ta liƙe. Wannan tulu ko yunwa ta kai ina ba a buɗe shi sai ranar shuka.

Ranar shukar kuwa ita ce rigimarmu da shi tun muna yara. Ruwan farko zai sauka, unguwa ta ɗauki murna, kowa ya saɓa sungumi, shi ko Baba sai ya tafi gona da hauya kawai. Can kan tudu, inda ƙasa ta fi saurin bushewa, yake haƙawa, ya zura hannu. In danshi bai kai taƙi guda ba, ko ya dunƙule ƙasar a tafinsa ta wargaje, sai ya karkaɗe hannu ya juyo gida. Mu kunya duk ta ishe mu, gonar kowa ta sha shuka ban da tamu. Yakan ce, “Ruwan hwarko sallama ce, ba a ba mai sallama makullin rumbu.” Ko ranar da ƙasar ta gamsar da shi, ba ya juye irin duka. Kashi uku yake yi, ya shuka biyu, ɗaya ya koma tulu sai an ga yadda damina ta zauna.

Haka yake da dabbobi. Ƙarshen bazara shi ne lokacin da ya fi tsoro, harawa ta ƙare, tumaki sun rame har kana ƙirga haƙarƙarinsu, ga ɗanyar ciyawa ta fara leƙowa. Ba ya barin a sake su da safe da wofin ciki. Sai an ba su ɗan busasshen abu, ko da tattaka ce, rana ta ɗaga, sannan a kai su, don ya ce sabuwar ciyawa ruwa ce zalla, zawo take sa su. Gyauron dawar da fari ya taɓa kuwa, da kansa yake tuge shi ya binne, saboda ya taɓa ganin ya kumbura saniya ta faɗi a tsaye. Mu a lokacin gani muke tsufa ne da son wahalar da mutane.

Bayan rasuwarsa gonar ta faɗo hannuna, don 'yan'uwana duk aiki ya kai su nesa. Ni kuma na shiga sahun waɗanda nake kira manoman waya, mu da muke noma daga kan kujerar ofis. Akwai wani dattijo, Malam Idi, wanda rashin zaman lafiya ya koro daga ƙauyensu ya zauna kusa da gonar. Shi ke yi mini komai, ni nawa in kira in ba da umarni. Zaɓen zangarniya ma wasu shekarun sai an gama yanka nake tunawa. Irin ya yi ta raguwa, bara kuma damina ta ɗauke da wuri, har abin da ya rage a tulun Inna bai fi tiya uku ba.

Bazarar bana kowa ya san yadda ta yi tsawo. Zafi ya hana sakat, harawa ta zama sai mai hali, tumakin Inna biyu suka koma cin kwali da leda a bakin kwata. Kullum mutum ya duba waya ta nuna masa hoton hadari, ya ɗaga kai ya ga sama fayau. Sai wata Talata da la'asar, ina kan hanyar komawa gida Kambarawa, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. A Ƙofar Durbi kwalbati ta cika ta tumbatsa, 'yan acaba na tura babura, ni ma da na fito tura motata na jiƙe sharkaf. Hausawa sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, ni kuwa na ɗauki maganar da gaske fiye da kima.

Ko riga ban sauya ba na kira Malam Idi na ce gobe a shuka. Ya ce, “Malam Rabe, mu nan hwa yayyahi muka samu. Ko ƙura bai gama kashewa ba.” Na ce masa wane irin yayyafi, ni da ruwa ya kusa tafiya da motata? Ya ce in zo in gani da idona. Na ce ina da taro da safe. Ya ce to, yadda na ce. Da wannan hankalin nawa na boko ban tsaya na tuna cewa ruwan da ya sauka a kan kwalta da siminti ba shi da wurin shiga ba, dole ya taru ya yi kama da teku, balle ga kwatocin da muka toshe da shara da hannunmu. Ban kuma tuna cewa ruwan farkon damina yakan jiƙa unguwa ya tsallake ta kusa da ita ba.

Da safe na biya Ƙofar Marusa na ce Inna ta buɗe tulu. Ta auna tiya biyu ta tsaya. Na ce ta juye duka, gonar ba za ta cika ba. Ta dube ni ta ce, “Babanku ba ya juyewa.” Na ce mata zamani ya sauya, damina yanzu gajera ce, wanda bai shuka da wuri ba shi ke asara. Na yi mata bayani mai tsawo, har da abin da na ji a rediyo. Ta juye. Na ba ɗan acaba ya kai, ni na wuce taron da yau ko za a yanka ni ba zan iya faɗin abin da aka tattauna a cikinsa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da ƙasar a bushe take ƙurmus, da irin ya kwanta lafiya kamar shukar binne yana jiran ruwa. Amma ɗan danshin nan na sama ya ishe shi ya farka. Kwana huɗu ya tsiro, layi-layi, Malam Idi ya ce gwanin sha'awa. Daga nan sama ta rufe bakinta kusan sati uku. Saiwa ta nutsa ta tarar da busasshiyar ƙasa, rana ta gasa yashi, iska ta riƙa kwasar yashin tana yanka tsiron. Ranar da na ga dama na je, sai na tsuguna kafin in gane inda aka yi shuka. Na zura hannu a tudun nan da Baba ke haƙawa, ƙasa ta zube ta tsakanin yatsuna da zafinta. Malam Idi ya kau da kai, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na fara da laifin sama, na ce damina ta lalace, ba a gane gabanta da bayanta. Gaskiya ne kuma. Na koma kan masu hasashen yanayi, na koma kan waɗanda suka sare itatuwan da shamuwa ke sauka a kai suka yanka filaye, har gonarmu ta zama tsibiri a tsakiyar bulo. Na ma ji haushin Malam Idi da bai ƙi bin maganata ba, mutumin da ke cin abinci a ƙarƙashina. Laifi tudu ne. Maƙwabcinmu na gona, wanda ya jira, ya yi shukarsa bayan ruwa ya zauna, ga ta can ta yi kore shar, sama ɗaya muke ƙarƙashinta da shi.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga wannan zamani. Ba na jin zai yi mamakin ruwa, don bai taɓa amince masa ba tun asali. Ina jin mu za mu ba shi mamaki. Zai ga mutum da digiri biyu yana tambayar waya ko ƙasarsa ta jiƙa, alhali gonar ba ta fi tafiyar rabin awa ba. Zai ga tumaki a cikin gari, ciki ba komai, an sake su kan sabuwar ciyawa suna ta zawo, mai su yana cewa annoba ce ta shigo. Ɗaya daga cikin na Inna ma da ƙyar ta tashi. Wataƙila da ya sauya wasu abubuwa, ya nemi iri mai saurin nuna ya haɗa da nasa, don ba mutum ne mai taurin kai a kan abin da idonsa ya gani ba. Amma sai ya gani ɗin.

Sati biyu na yi ina zuwa gaida Inna ina kauce wa maganar. In ta ce ya gona, in ce da godiya, in ajiye mata lemu in tashi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, ranar Juma'ar da ta wuce bayan masallaci na zauna na faɗa mata komai, har da gargaɗin Malam Idi. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Sai ta ci gaba da tsince wakenta, ta ce ai ta sani tun ranar da na fara kawo lemu.

Can ta ce, “Shekarar da aka haihe ka, babanku ya yi irin wagga. Sabuwar gona, ɗoki ya ɗebe shi, ya juye iri duka ga ruwan hwarko, ya ƙone ƙurmus. Ran nan ya dawo ya aje hauya ya hwaɗa mani, bai kwana da ita ba. Ni na tahi garinmu da kai a goye, na ɗebo mashi daga rumbun babana. Wanga gero da kuke ce ma na Malam, na gidanmu ne. Shi dai ya riƙe shi.”

Ban taɓa jin wannan ba. Ashe haƙan nan da muke jin kunyarsa, da kashi ukun, ba gado ya yi ba, wuya ce ta koya masa. Nan take zuciyata ta yi sanyi, na ce to Inna ai sai in shirya in je garin naku, ko tiya ɗaya ce a samo. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, “Wa ya rage can?” Na san amsar. Shekaru ke nan ba a kwana a garin, danginta sun watse, wasu suna nan cikin Katsina suna dako da acaba, rumbunan kuwa an ƙone wasu, sauran gara ta cinye. Na bi waɗanda na sani ɗaya bayan ɗaya, da maƙwabtan da Baba ya taɓa ba su irin. Kowa ya ce ya daɗe da komawa na kasuwa.

Na sake shuka gonar da irin da na saya, zai yi abin da zai yi, in Allah ya so za a ci tuwo. Idan na auna abin da ya rage na Malam Haruna a duniya, gidan na nan, gonar na nan kafin masu filaye su ci ƙarfinmu, ga mu 'ya'yansa da takardunmu. Akwai kuma halin nan nasa na zuwa ya gani, da na faɗin gaskiya a ranar da ta faru, wanda bai ɓoye mana ba, mu ne muka ga ya yi mana nauyi. Geron kam ya tafi, kuma a hannuna ya tafi, bayan ya riƙe shi fiye da shekara talatin ni ban kai goma ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Shi ya yi kuskuren nan a lokacin da akwai inda za a je a ɗebo masa wani. Ni na yi shi bayan an ce mini kada in yi, a lokacin da babu sauran inda za a je.