Zanen ƙwayar zarra

Na zana wa Binta ƙwayar zarra a ƙasa da sandata, yadda na koya wa ajinsu a Roni: ɗigo a tsakiya, ilaktaron na kewaya shi. Tsohuwar ɗalibata ce, yanzu tana koyar da fiziks a jami'a. Ita kaɗai ta leƙo ni watan nan.

"Malam, ilimin kwantam ya nuna ilaktaron ba shi da layin da yake bi. Sai dai a ce wataƙila yana nan."

Gabana ya faɗi. "Ashe ƙarya na koya muku?"

"Haba Malam! Da zanenku nake fara aji har yau. Sai sun gane shi nake gogewa."

Ɗalibaina na da, in kuna nan ku yi magana. Ina da gyaran da zan yi muku kafin in tafi.