Baba Mai Wari

A bakin layinmu, tsakanin mai cajin waya da mai faci, akwai wata rumfa ta kwano uku. Nan Baba Mai Wari yake zama da basilla da zare da tarin tsoffin tayoyi, tabarau a kan karan hanci. Baduku ne. Sunan ya samo asali daga takalman da yake ratayewa, don ba ka ganin biyu masu kama da juna. Masu wucewa suna cewa tsufa ne ya ci masa ido. Ni na san ba haka ba ne, domin Innarmu ce mafarin abin.

Inna tana da tundurmi a ƙafar hagu, ta kumbura har ta yi kusan turmi. Babu takalmin kasuwa da yake shigarta, ita kuwa kunya ba ta barinta ta taka titi ba takalmi. Sai ta daina fita. Abin da ya fi cin ranta shi ne yayarta, wadda ta raine ta, tana kwance ba lafiya a unguwar bayan tasha, ita kuma ta kasa zuwa dubiya.

Da na kai masa kukana, Baba ya zo gida da sassafe, ya tsuguna ya auna ƙafar da igiya, bai ko yamutsa fuska ba. Ya ɗinko wari babba da wari ƙarami. Inna ta yini da su a tsakar gida tana ta murna. Ashe ƙafa irin wannan takan saɓe da safe, sai yamma ta cika. Kafin la'asar fatar takalmin ta matse ta, ta yi mata rauni, raunin kuma ya jawo zazzaɓin da ya kwantar da ita tana rawar ɗari.

Na je rumfar a fusace, ni da ma bakina ba ya da linzami.

"Baba, takalmi muka ce, ko tarko?"

"Ki yi haƙuri, 'yata. Fata na sani, wannan ƙafar ban san ta ba. Amma zan tambaya."

Ya rufe rumfa ya bi ni asibiti. Malamar jinya ta zaunar da shi, ta ce sauro ne yake ɗauko 'ya'yan wata tsutsa daga jinin wani ya kai wa wani, tsutsar ce kuma take kumbura ƙafa. Maganin da ake rabawa duk shekara yana kashe 'ya'yan don kada su yaɗu, amma ba ya saɓe kumburin da ya riga ya zauna. Wannan sai wanki da sabulu, da ɗaga ƙafa, da takalmin da ba ya ciwo. Ta ƙara da cewa masu bincike suna duba tsutsar don gane zuriyarta, ko ta nan ce ta yi saura, ko matafiya ne suka kawo wata.

Baba ya riƙe haɓa. "Ikon Allah! Tsutsa ma da danginta? To, Malama, a gaya musu ba ma neman surukuta da su."

Daga ranar ya sake salon aiki. Sai da yamma yake awo, ya shimfiɗa soso a ciki, ya sa maɗauri irin na bel da za a sassauta in ƙafa ta cika. Masu irin lalurar suka fara zuwa daga unguwanni, kuma ba ya miƙa wa kowa takalmi sai ya tambaye shi ko 'yan gidansu sun sha maganin bana. Ni kaina da nake ƙin ƙwayoyin nan, a gabansa na haɗiye su, yana harara ta saman tabarau.

Har gobe ina gode wa bawan Allahn nan, kuma duk abin da na faɗa bai kai ba. Da raunin ya warke, Inna ta ɗaura sabon takalminta, muka kama hanya a hankali, tana hutawa a inuwar shaguna. Muka samu yayarta ta rame, ido rufe. Inna ta yi sallama daga bakin ƙofa.

Tsohuwar ta buɗe ido. "Auta, wa ya ɗauko ki?"

"Babu kowa, Yaya," in ji Inna. "Da ƙafata na zo."