Irin Waken Inna Tsahara

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana Malam Lawali, malamin gona, wanda mutanen Gazawa da ƙauyukanta suka fi sani da muryarsa a radiyon gari. Duk shekara in watan rasuwarsa ya kama nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi, domin na tafka kuskuren da na tabbata da yana raye sai ya yi mako bai dube ni ba.

Shirinsa na rabin awa ne a mako, amma yakan cinye masa kwana huɗu. Masu bincike kan aiko masa da takardu cikin Faransanci, ya zauna ya narka su, ya juya su Hausa. Daga nan ba studiyo yake nufa ba. Ranar kasuwar Gangara sai ya hau tsohon motonsa mai ƙafa biyu, ya je ya tsuguna gaban wata mai ƙosai, Inna Tsahara, wadda ba ta taɓa taka ƙofar lakol, wato makarantar boko, ba. Ya faɗa mata maganar, sannan ya ce ta maimaita masa kamar tana gaya wa maƙwabciyarta. In ta maimaita daidai, shiri ya nuna. In ta karkace, ba ya ganin laifinta, takardarsa yake yagawa ya sake sabo.

Ni a lokacin nake riƙe masa na'urorin studiyo, kuma ban ɓoye masa haushina ba. Na sha ce masa abin kunya ne mutum da difilom ɗinsa ya koma ɗalibin mai ƙosai. Sai ya yi dariya ya ce, "Kai Sale, ilimin da ya kasa ƙetare kaskon Inna, ta ina za shi kai gona?"

Da Allah Ya karɓi abinsa, shirin ya faɗo hannuna. Na yi shekara biyu ina zuwa Gangara don kunya, daga baya na riƙa kafa hujja da tsadar mai da nisan hanya, har na daina. Ana haka sai ga manhajar ƙirƙirarriyar basira ta shigo salularmu. Ba zan yi mata butulci ba. Takardar da Yaya ke kwana biyu a kanta, ita kafin shayi ya huce ta taƙaita ta, ta juya ta Hausa, har ta ba ni kalmomin buɗe shiri. Na sha tambayar kaina abin da zai ce da ya gan ta. Na san ba zai guje ta ba, don shi ba maƙiyin sabon abu ba ne. Zai yi ta yi mata tambayoyi har batir ya mutu. Amma in ya gama, zai naɗe amsar ya sa aljihu ya nufi Gangara.

Bara da kaka na yi shiri kan ajiyar wake cikin buhun nan mai leda ciki, wanda ke hana iska shiga har ƙwari su mutu. Manhajar ta rubuta mini bayani tsaf, a ciki har da gargaɗin cewa kada danshin waken ya wuce kashi kaza cikin ɗari. Na karanta shi yadda yake, muryata na yi mini daɗi, na kashe mikro na tafi gida. Damina kuwa ta yi jinkirin ɗaukewa a wajenmu, wake da yawa ya shigo gida bai gama bushewa ba.

Inna Tsahara tana da wani jan wake da take shukawa a 'yar gonarta. Mahaifiyarta ce ta zo da irin daga kudu, ƙetaren iyaka, kuma tun daga lokacin cikin tulu da toka ake adana shi. Ta ji ƙanen Lawali ya ce buhu ya fi tulu, sai ta juye irin duka, ko ƙwaya ba ta rage ba, ta ɗaure tam. Da ta kwance buhun da bazara, wari ne ya fara tarbarta. Waken ya yi fumfuna, ya dunƙule. Duk da haka ta tsince na tsincewa ta shuka da ruwan fari, ko ɗaya bai tsiro ba.

Wani maƙwabcinta ne ya kawo mini labarin har buro, wato ofishinmu na radiyo. Na je na same ta gaban kaskonta, shekara bakwai rabona da wurin. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta miƙo mini kujera ta ce, "Na jiya ka ce kashi kaza cikin ɗari. Na ce wagga magana ta 'yan lakol ce, sai na bar ta ta wuce." Ta juya ƙosanta, sannan ta ƙara da cewa, "Lawali da shi ne, cewa za shi yi in sa haƙori. In ya ce ƙas, a ɗaure. In haƙori ya nutse, a maida shi rana."

Na koma na sake karanta abin da manhajar ta rubuta ina neman inda ta yi ƙarya, don in sami wanda zan ɗora wa laifi. Ban samu ba, komai daidai yake. Taki ɗaya ne ya rage tsakanin kashi cikin ɗari da haƙorin tsohuwa, kuma takin nan nawa ne, shi ne dukan aikin da aka ɗauke ni in yi. Sauri ya haifi nawa. Na bi kasuwanni ina cigiyar jan wake, har Cadakori na kai. Duk wanda na kawo mata sai ta mirza shi a tafin hannu ta girgiza kai.

Yau in na duba abin da ya rage na Yaya Lawali, ba shi da yawa a ido. Kaset ɗin shirye-shiryensa zafi da gara sun gama da su. Na taɓa rubuta sunansa a manhajar, ba ta san an yi shi ba. Abin da ya bari yana cikin kan mutane irin su Inna Tsahara, waɗanda har yanzu suna iya faɗin yadda zai faɗi maganar da bai rayu ya faɗa ba. Ni da na zauna kusa da shi fiye da kowa, ni na fara yar da shi. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini.

Na koma zuwa Gangara duk ranar kasuwa, da amsar manhaja a aljihuna. Inna tana saurare, tana maimaitawa, tana gyara mini. Makon jiya ta ba ni ƙosai na waken bana, wanda ta shuka da irin kasuwa. Na ci na ce ya yi daɗi.

"Wake ne, ɗana, ana ci," in ji ta. "Na uwata dai a hannuna ya ƙare."

Na buɗe baki in ce mata ba a hannunta ya ƙare ba, a bakina ne, sai mai sayen ƙosai ya zo, ta juya ga kaskonta.