Shuɗin Fentin Baba Rimtebaye

Shekara talatin da ɗaya Baba Rimtebaye ya yi yana gyaran ƙananan jirage a Mundu, kuma tambayarsa ɗaya ce tak. Ko taya ce ta sace, ko ƙofa ta ƙi rufuwa, sai ya ɗaga gira ya ce, "Wa ya taɓa shi ƙarshe?" Matuƙa jirgi nawa wannan tambaya ta sa gumi! A wurinsa jirgi ba ya lalacewa haka kawai, sai da hannun wani.

Sai kuma fenti. Duk Disamba, in mutanen gari suka hau shafe gidaje saboda Kirsimeti, shi ma sai ya jawo gwangwaninsa na shuɗin fenti. Benci, akwatin sifanu, har bokitin wanke hannu, babu mai tsira. Matarsa kan ce in ta cika zama wuri ɗaya ita ma shafe ta zai yi.

To, a Janairu sai jirgin nan mai kujera huɗu, mai kai ma'aikatan jinya ƙauyuka, ya tsiro da sabon salo. A ƙasa lafiya lau yake cajin batir. Da ya yi minti ashirin a sama sai allurar caji ta faɗi, rediyo ya fara shaƙewa. Sau uku matuƙiyarsa Denenoji tana juyowa da fasinja.

"'Yata, wa ya taɓa shi ƙarshe?"

"Baba, ni tuƙi na iya. Ko murfin injin ban san yadda ake buɗewa ba."

"Haka kuke cewa duka."

Ya sake bel ɗin injin, ya sake batir, ya cire injin cajin dungurungum ya ɗaura wani. Shiru. Manaja Jimtoingar ya gaji, ya ce in Juma'a ta yi jirgin bai warke ba, zai ɗauko injiniya daga Njamena ya ba shi rumfar gyaran jiragen. Wallahi maganar ta soki tsohon. Ranar ko tuwonsa da miyar busasshen kifi bai taɓa ba.

Ran Alhamis da hantsi ya daina tuhumar mutane, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da yatsa, har ya iso kan wata kakkaurar waya da ke mayar da wuta daga injin zuwa ƙarfen jirgi. Notin da ya riƙe ta a ɗaure tam. Ya kwance, ya ɗaga bakin wayar. A ƙarƙashi, inda ya kamata ƙarfe ya haɗu da ƙarfe tsirara, ga fenti nan shuɗi shar, har da ƙyalli. Shafi biyu ma, don shi ba ya aikin ha'inci. Wuta na ɗan ratsawa ta jikin noti, da injin ya yi zafi ya kama girgiza sai ta yanke.

Kunya ta rufe shi. Ba kowa a rumfar, ga samfefa a aljihu. Minti biyu ya isa ya kankare abin, ya ce aljanu ne. Amma bai taɓa samfefar ba. Sai ya leƙa waje inda Denenoji da manaja ke shan shayi, ya ce su zo.

Denenoji ta dubi shuɗin, ta dubi benci, ta dubi bokiti. Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga gira.

"Baba, wa ya taɓa shi ƙarshe?"

"Ke dai ba ki da kunya."

"Ban ji ba, Baba."

"Ni ne! Kin ji? Ni ne."

Manaja ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Da yamma, bayan an kankare fentin, jirgin ya yi awa guda a sama, allura ba ta ko motsa ba. Ba a sake maganar injiniya ba, amma manaja ya tafi da gwangwanin a motarsa.

Har yau Baba Rimtebaye na rumfar, kuma bai bar tambayarsa ba. Sai dai kafin ya yi ta, yakan ɗan saci kallon faratansa tukuna.