Hannun Dama na Aro

Kun taɓa gwada ninke takarda da hannu ɗaya, ɗayan yana kwance a cinya kamar ba naku ba? Ku gwada yanzu ma ku gani, takardar za ta riƙa yawo a kan tebur tana raina muku hankali. To abin da ya sami Inna Mai Taurari ke nan, matar da ke zaune a hawa na sama a benen nan mai tsohon fenti, ita da mijinta Baba Direba.

Ita fa Inna tun tana budurwa take aiki a shagon naɗe kyaututtuka a bakin babban titi. Ka sayi agogo ko turare ka miƙa mata, kafin ka gama gyara tsayuwa ta lulluɓe shi da takarda mai ƙyalli ta ɗaure da ribon, har ka ji kamar kar ka ba kowa. Guntayen da suka rage mai shago cewa yake a share a zuba a kwandon shara, ita kuma ranta ba ya bari, sai ta cusa a jaka ta taho da su gida. Wata tsohuwa da suka yi aiki tare ce ta nuna mata yadda ake mayar da su tauraro. Sili huɗu ake ɗauka, a ninke kowanne biyu, a yanke bakinsa a karkace don ya samu shiga, a saƙa su a tsakiya kamar 'yar tabarma, daga nan a riƙa lanƙwasawa ana cusawa har tsinaye su fito a gefe, sai a murɗa a ja na tsakiya su miƙe tsaye. A faɗa da baki dai da sauƙi.

Duk hutun ƙarshen shekara, lokacin da shaguna ke rataye fitilu, Inna sai ta cika matakalar bene da taurari daga ƙasa har sama, ja da ruwan zinare da shuɗi, kowanne a jikin zare yana juyawa idan an buɗe ƙofa iska ta shigo. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya hana ta. Baba Direba kuwa, wanda ya tsufa yana jan babbar mota, kujerar da ke fuskantarta yake zama da kofin shayi da rediyo yana tsokanarta, wai ta mayar masa da gida bola, wai da taurarin nan ana ci da tuni ya yi tumbi. Ita kuma ta ce da surutu ana sayarwa da tuni ya gina nasa benen. Haka suka yi ta yi har gashi ya yi fari.

Sai bana, da rana tsaka tana shanya, hawan jini ya kayar da ita. Da aka sallamo ta daga asibiti ƙafa ta ɗan dawo, tana iya takawa da sanda tana jan ta, amma hannun dama ya ƙi, baki ma ya ɗan karkace magana tana fita da nauyi. Likita ya ba ta ƙwallon roba ya ce ta riƙa matsawa, ta riƙa tashi tana zagaya ɗaki, in ba haka ba jikin zai sandare gaba ɗaya. Inna ta juya fuska bango. Ƙwallon ya gangara ƙarƙashin gado ba ta ko tambaye shi ba. Gwangwanin biskit ɗin da take tara ribon ta nuna shi da haɓa ta ce a kawar, Baba ya ɗora shi saman kabad.

Suna da 'ya ɗaya, tana aure a wani gari mai nisa, tun tana ƙarama ake ce mata Kwamanda saboda ko 'yan tsana sai ta jera su ta ba su umarni. Ita ce ta kira waya ta ce ta yanke shawara, idan hutu ya zo za ta zo da mota ta ɗauke Inna ta koma da ita wajenta, can gidan ƙasa ne babu matakala ga asibiti kusa. Baba ya tambaya shi fa. Ta ce ɗaki ɗaya ne ya rage kuma ƙarami, shi ya zauna ya kula da gida, ai za a riƙa gaisawa ta waya.

“Baba, ka kasa tashinta daga gado,” in ji ta. “Ba laifinka ba ne, amma ka kasa.”

Gaskiya ta faɗa. Ya gwada lallashi, ya gwada faɗa, ya gwada ba'a, har rawa ya taɓa yi mata da tsintsiya a hannu, ba ta ko juyo ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan hanya yana ƙirga garuruwa don ya dawo ya tarar da ita, yanzu da ya zauna ita za a tafi da ita. Ya fita ya tsaya a matakala, matar mai gyaran waya ta hawa na ƙasa ta wuce da bokiti, ta gaishe shi ta ce bana benen ya yi tsirara, ta kama bakinta don ta san ta yi suɓutar baki.

Washegari da safe ya sauko da gwangwanin. Shi a ransa ai ya iya, shekara da shekaru yana kallo. Ya ja ƙaramin tebur ya ajiye daidai ƙofar ɗakinta inda za ta iya hango shi, ya ɗauko almakashinta mai kyau wanda ko zare ba ta yarda a yanka da shi, ya hau aiki da yatsunsa masu kauri kamar ƙullin igiya. Abin da ya fito wallahi ba tauraro ba ne, kamar gizo-gizon da mota ta taka. Ya ɗaga shi sama ya juya ya yaba wa kansa da ƙarfi, ya ce yanzu zai je ya rataye a bakin ƙofar shigowa, duk wanda ya tambaya ya ce Inna ce ta yi.

Daga kan gado, fuska na bango, aka ce, “Ka kuskura.”

Ya yi kamar bai ji ba, ya hau neman zare yana waƙa. Sai ya ji ƙarar sanda a ƙasa. Ta daɗe kafin ta iso, bai tashi ya taimaka ba duk da ƙafafunsa na masa ƙaiƙayi, ya dai tura mata kujera da gwiwa. Ta zauna tana haki, ta kalli gizo-gizon, ta kalli almakashin, ta ce masa mugu.

Kar ku ɗauka daga nan komai ya gyaru, don kwanakin da suka biyo sun fi na baya zafi. Ya zauna a kujerarsa ta kullum yana fuskantarta, ita tana faɗa shi yana yi. Matsalar ita ce Inna ba ta taɓa yin tauraro da baki ba, hannayenta ne suka sani, idan ka tambaye ta wane sili ke bin wane sai ta tsaya tana kallon yatsunta. Ga harshe ya yi nauyi. Ta ce sama, ya ɗaga, ta ce ba wannan saman ba. Ta miƙo hannun hagu daga can ɓangaren ta gyara wani sili ta nata wajen, shi ya lanƙwasa na gaba ta nasa wajen, sai bakin ribon ya zo ya rasa aljihun da zai shiga. Idan ya samu shiga kuma Baba ya ja shi kamar yana ɗaure buhuna a bayan mota, tsinin ya murƙushe. Ta ce ribon ne ba igiyar kaya ba. Ya ce shi da ya juya babbar mota a lungu da madubi kawai ba guntun ƙyalle ne zai gagare shi ba. Ya gagare shi.

Ran nan da hantsi abin ya ishe ta, ta sa hannu ta share tebur gaba ɗaya, silaye suka watse a ƙasa, ta hau kuka irin wanda ba sauti. Ta ce ya kira Kwamanda ta zo yau ma, me ake jira. Baba ya durƙusa yana tsinta, gwiwa na ƙara, ya bi su har ƙarƙashin kujerarta ta ɓangaren dama. Da zai miƙe ya dafa tebur, ya zube abin da ya tsinto a gabanta, har da wata 'yar tabarmar tsakiya da ba ta warware ba. Sai ya ga hannunta na hagu ya tafi da kansa, tana kukan fa, ya danne tabarmar ya juya ta ya ɗaga sili ɗaya da ɗan yatsa ya tsaya yana jira. Aikin hannun hagu ke nan tun fil azal, ya riƙe, ya juya, ya buɗe hanya, ɗan'uwansa ya zo ya cusa. Ita ma ta gani. Ta kalli hannun Baba da ke dafe a daidai inda nata na dama ya saba zama.

“Jawo kujera nan,” in ji ta. “Kusa. Ɗaya hannun kuma ka zauna a kansa.”

Ya ce a tsufansa za a sa shi zama a kan hannu kamar ɗan makarantar da ya yi laifi. Ta ce eh. Ya zauna kafaɗa da kafaɗa da ita, ya cusa hagunsa ƙarƙashin cinya, ya miƙo hannun dama kawai. Ashe duk shekarun nan daga gaba yake kallo, komai a juye ya shige masa kai, shi ya sa suke ta karo. Yanzu da yake gani ta inda take gani ba ta ma buƙatar magana, ta buɗe aljihu ya cusa, ta juya ya lanƙwasa, idan zai ja da ƙarfi ta taka masa ƙafa da mai lafiyar. Da suka zo tsinayen tsakiya ta kama wuyan hannunsa ta murɗa a hankali, sili ya shige ya leƙo ta ɗaya gefen, ya ja kaɗan kaɗan, tsini ya tashi tsaye. Tauraron farko ya fito da kafaɗa ɗaya a sama, Inna ta ce ya yi kama da mai shi, Baba ya ce ai shi ya sa ya yi kyau.

Daga ranar tebur ya koma falo kusa da taga. Silayen da aka yanka iskar fanka na ɗebe su, sai Baba ya ɗauki hannunta na dama daga cinya ya ɗora a kansu ya ce kowa a gidan nan sai ya yi aiki, babu cin banza. Ta harare shi ta ce hannun nata ne ya mayar dutse, amma ba ta ce a sauke ba. Ana nan ana nan wata rana ya zo zare sili ɗaya ya ji ya ƙi zuwa, ya duba, babban yatsan ne ya danne shi. Kaɗan ne, ko ƙuda ba zai kashe ba. Baba dai ya tashi ya ce zai duba ruwan zafi, ya daɗe a kicin.

Kwamanda ta iso da rana da akwati babu komai a ciki. Taurarin da ta tarar a matakala ba su kai rabin na da ba, wasu ma a karkace, kuma daga hawa na biyu suka fara. A saman matakalar ta ga uwarta tsaye da sanda, ɗankwali ya zame, tana ba Baba umarni yana kan kujera da zare a baki, wai ya matsar da jan tauraron daga kusa da ɗan'uwansa ja, ko makaho ne shi. Kwamanda ta ajiye akwatin ta hau faɗa, wa ya ce ta fito nan, in ta faɗi fa, shi kuma Baba da shekarunsa a kan kujera. Inna ta bari ta gama tas.

“Sannu da hanya, 'yar nan,” ta ce a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya. “Ba inda za ni. Hawa na ƙasa bai samu ba tukuna, kuma hannuna ba zai shiga motarki ba, ga shi can kan kujera.”

Kwamanda ba mai saurin sauka ba ce. Ta zauna da su hutun nan kaf tana sa ido, ta ga Inna na tashi da kanta ta je tebur, ta ga yatsan da idonta, ta raka su asibiti ta yi wa likita tambayoyi har ya gaji. Ranar da za ta koma ta kafa sharuɗɗa kamar yadda ta saba, a sa ƙarfen dafawa a banɗaki, kar a tsallake ranar asibiti ko ɗaya, Baba ya daina hawa kujera. Ya ce ya ji, ranki ya daɗe. Ta ce kuma idan ta kira ta ji an koma kwanciya za ta dawo, ba wasa take ba. Inna ta ce ta gaishe da yara, ta kuma daina tsayuwa a kan haske mutane na aiki.

Hannun bai warke ba har yanzu, likita ma bai yi alƙawari ba, amma cokali ya fara zama a cikinsa in an ɗora. Ribon ya ƙare sun koma yanka tsofaffin kalanda, kuma matar mai gyaran waya ta ce in an gama hutu za ta hau a koya mata, Inna ta ce ta zo da kujerarta.

Don Allah in kun karanta kar ku bar shi a wayarku, ku tura wa duk wanda kuka san yana jinyar wani a gida kuma ya fara gajiya, ko mutum ɗaya ne ku tura masa.