Muryar Mama Da Na Goge Da Hannuna

Lokacin da abin nan ya faru ina shekara ta biyu a makarantar kimiyya da fasaha, ina zaune gidan iyayena a unguwar Romi da ke Kaduna. Ni ba mai yawan magana ba ne. Ko a aji, in malami ya yi tambayar da na san amsarta, sai in rubuta a gefen takarda in yi shiru. Abu ɗaya ne ke sa in saki jiki, shi ne haɗa kiɗa. Na sayi tsohuwar laftof da makirufo guda, na manna kwalayen ƙwai a bangon ɗakina, na jingina katifa a taga, na ce na yi situdiyo. Samari daga Barnawa kan zo in yi musu kiɗa su ɗora waƙoƙinsu na Hausa gauraye da Turancin buroka. Burina in zama furodusa mai zaman kansa, wanda da an ji kiɗa za a ce wannan hannun wane ne. A tunanina na lokacin, gwaninta ita ce tsabta: kada a ji numfashi, kada a ji murya ta karkace, kada a ji komai da zai nuna cewa a ɗakin ɗalibi aka yi aikin.

Mahaifiyata tana cikin zumuntar mata a cocinmu. Mai ba su waƙa wata dattijuwa ce da kowa ke kira Mama, wadda ta yi aikin masaƙa har aka rufe. Tun ina yaro nake jin muryarta. Murya ce mai kauri, mai ɗan rawa, ba ta shiga waƙa daidai da bugun tulun da matan ke kiɗa da shi, sai ta ɗan jinkirta kamar mai jiran kowa ya gama zama. Wata rana mahaifiyata ta dawo daga taro ta ce an gano ciwo a maƙogwaron Mama, za a yi mata tiyata, kuma likita ya gaya mata a fili cewa muryar ba lalle ta dawo ba. Don haka Mama tana so a ɗauki waƙoƙinta kafin ranar, musamman waɗanda ta tsara da kanta da Hausa da yaren garinsu, domin jikokinta. Mahaifiyata ta riga ta yi musu alkawari cewa ɗanta ya iya.

Ranar wata Asabar da hantsi suka zo, sanye da zannuwan zumunta, ɗauke da tuluna da kacau-kacau. Ɗakina ba zai ɗauke su ba, sai muka kwashe kujerun falo. Mama ta dubi makirufon ta dube ni, ta ce ashe Malam Shiru ne zai tsare ta yau. Ta ja mini kunne cewa kada in yi mata kwalliya, ita ba miji take nema ba, wanda ta samu ma ya riga ta gidan gaskiya. Matan suka tuntsire da dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyara waya. Suka yi waƙa har rana ta karkata. Janaretan maƙwabta na ruri, wani mai keke ya tsaya ƙofar gida yana ta danna hon, kazar mahaifiyata ta shigo falon sau biyu. Mama takan tsaya ta yi tari, ta kurɓi ruwan ɗumi, ta ce wa matan su amsa da ƙarfi, ba makoki suka zo ba. A wata waƙa da ta ambaci mahaifiyarta, muryar ta karye a tsakiya, ta daure ta ƙarasa. Na ga wasu na share ido. Ni abin da na lura da shi shi ne layin sautin ya kauce a fuskar kwamfuta, har na sa masa alama don in gyara.

Bayan sun tafi na duƙufa kan gyaran. Na cire tarin, na cire dariyar, na cire duk inda ta ja numfashi. Akwai manhajar da ke miƙe murya ta dawo da ita kan ma'auni, na bi kalma-kalma na miƙe ta. Jinkirin nan da take yi kafin ta shiga, na jawo shi ya hau kan bugu daidai. Tulunan ma na ga ba su fita yadda nake so ba, na sauke su na sa gangunan kwamfuta. Wurin da muryarta ta karye shi ya fi cin lokacina, amma sai da na mayar da shi santsi kamar ba a taɓa kuka a wurin ba. A farkon kowace waƙa na liƙa ɗan sautin nan mai faɗin laƙabina, yadda furodusoshi ke yi. Ina ji a raina wannan ne aikin da zai fito da sunana a coci-cocin Kaduna.

Ana cikin haka wani mawaƙi ya kawo aiki, laftof ɗin ta nuna wuri ya cika. Nan ne na yi abin da nake jin kunyar rubutawa. Akwai fina-finai da tsofaffin kiɗe-kiɗe da zan iya gogewa. Amma na buɗe inda ainihin ɗaukar ranar Asabar ɗin take, mai hon da kaza da janareta, na goge ta gaba ɗaya. Ba kuskuren yatsa ba ne. Tsoro nake kada wata rana wani abokin sana'a ya buɗe ya ji, ya ce ashe ɗan koyo ne ni.

An yi tiyatar, Mama ta rayu, amma muryar ta tafi. Abin da ya rage raɗa ce, sai ka kai kunnenka kusa da bakinta. Da ta ɗan warware, ’yarta ta tara matan zumunta a gidansu don a saurari aikin. Na ɗauki lasifika na tafi, har da sa sabuwar riga. Waƙar farko ta fara, falon ya yi tsit, ba wadda ta amsa, ba wadda ta girgiza kafaɗa. Mama ta karkata kai tana saurare har ta ƙare, sannan ta jawo ’yarta ta raɗa mata magana. ’Yar ta juyo ta faɗa mini. Wai Mama ta ce yarinyar nan ta iya waƙa, Allah ya yi mata albarka, amma yanzu a sa mata nata, wanda suka yi a falonmu. Ba gatse take yi ba. Da gaske ba ta gane kanta ba.

Na ce zan kawo. Washegari na kai laftof ɗin wurin wani mai gyara a Tudun Wada, ya duba iya dubawarsa ya ce sabon aikin da na ɗora ya riga ya hau kan wurin, babu abin da zai dawo. Na koma na ce musu bairos, cutar kwamfuta, ne ya cinye. Kowa ya tausaya mini. Mahaifiyata har tana gaya wa mutane yadda ɗanta ya rame saboda baƙin ciki. Wannan tausayin ya fi zagi ciwo, domin na san ban cancance shi ba. Na daina bin layin gidan Mama, in an tashi coci ni ne na farkon fita.

Na daɗe da ƙaryar a ciki kafin wata rana na je na durƙusa gabanta na faɗa mata komai, har da dalilin. Sai ta yafito ni, na matso da kunnena. Ta tambaye ni ko muryar tata ta yi muni haka ne da har na ji kunyarta. Ta dafa kaina ta ce ta yafe, in tashi, gwiwa ba ta son siminti. Sannan ta ciro wayarta daga bakin zane ta kunna mini wani ɗan gajeren bidiyo da ɗaya daga cikin matan ta ɗauka a ranar. Hoton na rawa, janareta ya kusa rufe komai, waƙar ma ba ta kai ƙarshe ba. Amma ga Mama nan, tana jinkirinta, tana dariyarta. ’Yarta ta ce kullum sai ta kara shi a kunne, kuma shi take kunna wa jikokin.

Har yau ina haɗa kiɗa, kuma aiki na zuwa daidai gwargwado. Abin da na koya shi ne murya amana ce, ba kayan gwajin gwaninta ba. Mutumin da ya tsaya gaban makirufonka kansa ya kawo maka, da numfashinsa da rawar muryarsa, kuma sau da yawa abin da kake kira kuskure shi ne abin da ’yan uwansa ke gane shi da shi. Ina roƙon ’yan uwana masu wannan sana'a, musamman masu tasowa irina: ku tambayi mai waƙa abin da yake so kafin ku taɓa, kuma ko me za ku gyara, ku ajiye na asali a wuri biyu. Kada tsoron a ce ba ku iya ba ya sa ku hallaka abin da ba naku ba.

Yanzu ni ke kula da na'urar sauti a cocinmu, ina zama can baya. Duk Lahadin da zumuntar mata suka tashi waƙa, ina hango Mama a layin gaba da zanenta, leɓunanta na motsi, tana shiga a makare kamar yadda ta saba. Duk maɓallan da ke gabana, babu wanda zan murɗa in ji ta.